Turaren Bazara da Tarihinsa

Ga bazara ta kunno kai, zafi na ƙaruwa. Kafin ki aika yaro kasuwa sayen turare, tsaya ki ji inda ƙamshin ɗakinki ya samo asali.

A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya zo Kano, ya tarar fatake na ratso Sahara da jawul da kanumfari da man wardi. Ita kuwa humra, ta gabas ta biyo, daga Sudan zuwa Barno, inda matan Shuwa da na Barebari suka gwanance wajen haɗa ta da sandal da farce. A 1920 kuma wani kamfanin Ingila ya fitar da Bint El Sudan, wato Bintu Sudan ɗin nan ta cikin adakar kakanninmu. Na mai ne, babu giya a ciki, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu bibbiyu.

To 'yar'uwa, ga abin lura. Waɗannan turaruka duk masu nauyi ne, zafi kuwa tayar da ƙamshi yake yi. Abin da kika shafa da sanyi ya yi daɗi, da bazara sai ya hau wa maigida kai, ya dami jariri. Don haka ki ɗiga kaɗan bayan wanka, ki turara tufafi da sassafe, ki ajiye kwalbar nesa da rana.

Allah ya bar mu da ƙamshi, amin.