Kafin ka shiga digirin digirgir a binciken lafiya: abin da Sabo ta koya mini

Tun da na sa hotona da farar riga a ɗakin gwaji ake ta turo mini saƙo: "Yaya karatun yake? Shekara nawa? Ana biya?" Bari in amsa gaba ɗaya, amma sai kun yi haƙuri na ɗan ja ku baya, don ni tarihin wurin ne ya fara saita mini tunani.

A Sabo ta Ibadan nake zaune, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wadda fataucin goro da shanu ya raya. Daga nan zuwa asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ba wata tafiya ba ce. Jami'ar kuwa tun 1948 take. A 1964 aka buɗe ɗakin binciken ƙwayoyin bairos da tallafin Gidauniyar Rockefeller, kuma aikinsu na farko wallahi ba na ƙyale-ƙyale ba ne: bin dabbobi a kasuwa da mahauta, ɗibar jini, cire kaska, kama sauro.

Daga kaskar shanu suka gano bairos ɗin Dugbe a 1964. A 1966 suka samu Shuni a jinin saniya daga Sakkwato. A 1968 suka samu Mokola a jikin jaɓa, ɗan uwan bairos ɗin haukan kare, aka sa masa sunan unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Akwai ma wanda sunansa Sabo. Ranar da na karanta wannan sai da na yi shiru. Shanun da iyayenmu ke korowa daga Arewa sun shiga littattafan kimiyya na duniya, alhali 'ya'yan masu shanun ba su cikin masu rubutun. Da zazzaɓin Lassa ya ɓarke a Jos a 1970, masu binciken Ibadan na cikin waɗanda suka je.

Hanyar Zariya zuwa Ibadan ma tsohuwa ce. Farfesa Oyewale Tomori a ABU ya karanta likitancin dabbobi, ya gama a 1971, sannan ya yi digirin digirgir ɗinsa a nan a 1976. Farfesa Christian Happi ya gama nasa a nan a 2000, kuma ɗakin gwajinsa na cikin waɗanda suka tabbatar da Ebola ta shigo Najeriya a 2014. Ku lura da tazarar: shekara goma sha huɗu.

To me za ka tarar?

Na farko, sufabaiza ya fi sunan makaranta muhimmanci. Kafin ka sayi fom, nemi ɗalibansa ka tambaye su a keɓe: yana karanta babi? Yana da kuɗin bincike? Mutum nawa ya yaye?

Na biyu, shekarar farko karatu ce da rubuta tsarin bincike da kare shi a semina. Ba za ka taɓa jinin kowa ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, kuma wannan kan ci watanni.

Na uku, kuɗi. Sinadarai da dala ake sayo su. Malaman jami'o'in gwamnati na iya neman TETFund, saura kuwa sai tallafin sufabaiza ko aljihu. Kar ka fara ba ka san wa zai sayi kayan aiki ba.

Na huɗu, gwaji zai ƙi. Ni da hannuna na rikita lambobin kwalaben samfur, aikin wata biyu ya tafi. Na dawo Sabo da daddare na zauna wurin mai shayi, ko burodin na kasa ci. Wani dattijo dillalin shanu ya ji labarin ya ce, "Ɗana, mu da muke koro garke a ƙafa, ba a ƙirga riba sai an shiga kara." Washegari na koma na faro daga farko, da littafin rubuta komai.

Na biyar, a takarda shekara uku ce, amma ka shirya wa fiye da haka. Sai ka wallafa maƙala, ka haɗa kundi, mai jarrabawa daga wata jami'a ya zo ya titsiye ka. Ka gaya wa iyaye da iyali gaskiyar lokacin tun yanzu, musamman ke 'yar uwa da ake yi wa maganar aure, don kar a ga kamar yawo ake.

Duk da haka ina cewa ku zo. Sanƙarau, maleriya, sikila da Lassa a gidajenmu suke kwantar da mutane, kuma mai jin yaren majinyaci shi uwa ke yarda ya ɗebi jinin ɗanta. Wanda ke tunanin nema bana ya rubuta fanninsa a ƙasa, zan amsa bayan isha'i in Allah Ya yarda.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.