2.3 Tattalin Arzikin Nijar: Daga Gyaɗa Zuwa Yuraniyom

Wannan sashe zai duba illar da dogaro da haja guda ya yi wa Jamhuriyar Nijar. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa, harajin kuɗi ya tilasta wa manoman Maraɗi da Damagaram noman gyaɗa. Da yake jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta nan ake fitar da wani kaso na gyaɗar zuwa Ikko. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa, wadda a lokacin ita ce babbar hajar da ƙasar ke fitarwa waje.

Farin da ya yi tsanani a 1973 ya durƙusar da wannan noma, manoma suka koma ga gero da wake. Sai dai tun 1971 an fara haƙar yuraniyom a Arlit, saboda haka gwamnati ta karkata gare shi. Bambancin shi ne kuɗin gyaɗa kan shiga hannun manomi a kowace kaka, na yuraniyom kuwa baitulmali yake shiga. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasar katutu.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa haja ce kawai aka sauya, amma dogaro da kasuwar waje bai gushe ba.