Targone: makamin katako na wasan yaƙi a birnin Pisa

Targone wani dogon allo ne na katako da mazauna birnin Pisa na ƙasar Italiya suka riƙa gwabzawa da shi a wasan yaƙin da ake kira Gioco del Ponte, wato wasan gada. Tsawonsa ya ɗan haura mita 1, nauyinsa kusan kilo 2 da rabi. Kai ɗaya faffaɗa ne, ɗayan kuma tsukakke. A bayansa akwai mariƙi biyu, a gabansa kuma fentin launin ƙungiyar mai shi.

Kafin targone akwai wani tsohon wasa mai suna Mazzascudo, sunan da ya haɗa kalmomi biyu, kulki da garkuwa. A wani dandali na tsakiyar gari, wanda yau ake kira Piazza dei Cavalieri, maza kan rabu gida biyu, kowa da kulkinsa a hannu ɗaya, garkuwa a ɗayan. Atisaye ne na yaƙi a lokacin da Pisa ke cin gashin kanta. A 1568, zamanin mulkin gidan Medici, aka mayar da wasan kan gadar kogin Arno, tsakanin mutanen arewacin kogin, Tramontana, da na kudancinsa, Mezzogiorno.

A kan gadar ne targone ya ɗauki aikin kulki da na garkuwa duka. Gada wuri ne matsattse, babu sararin wurga kulki, don haka turi ya fi duka amfani. Ɗan wasa kan kare kansa da allon, ya tunkuɗi abokin gaba da shi, burin kowane ɓangare shi ne ya kore ɗayan daga gadar. In rai ya ɓaci kuwa, sai a kama tsukakken kan a mayar da shi gora. Shi ya sa ƴan wasan ke sanya kwalkwali da sulken ƙarfe, duk da haka ana jin raunuka, wasu ma har su faɗa kogi.

Ba Pisa kaɗai ke da irin wannan al'ada ba. A Venis, ɓangarorin Castellani da Nicolotti sun yi ta faɗa da sanduna a kan gadoji, har aka shirya wa Sarki Henri na 3 na Faransa kallon irinsa a 1574. Daga baya suka koma dambe, wanda aka haramta a 1705.

Wasan Pisa ya fi daɗewa. An dakatar da shi bayan na 1785, aka sake yi sau ɗaya a 1807, sannan shiru har 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka daina dukan juna: yanzu ƙungiyoyi kan tura wani amalanken ƙarfe mai nauyi a kan layin dogo da ake shimfiɗawa bisa gadar Ponte di Mezzo, a ƙarshen watan Yuni. Targone ya koma kayan ado da ake ɗauka a jerin gwano kafin a fara turin.