Inci da milimita a jikin injin sassaƙar katako

Tsakanin inci ɗaya da milimita 25 akwai bambancin da ido ba ya gani, milimita 0.4 kacal, amma ya isa ya hana kafinta aiki yini guda. Injin sassaƙa mai juya katako, wanda muke fitar da ƙafar kujera da sandar gado a kansa, yana da majingini, ƙarfen da ake ɗora kurfi a kai yayin da katako ke juyawa. Majinginin yana da ƙafa zagayayya, wadda ke shiga rami a jikin mariƙin da ke zamewa bisa gadon injin, sai a ɗaure da sukuru. In ramin na milimita 25 ne, ƙafar kuwa ta inci ɗaya, ko da guduma ba za ta shiga ba. In ƙafar ce ta 25 ramin na inci, za ta shiga, amma ta karkace da zarar an ɗaure. Haka ƙananan injuna suke fama tsakanin 5/8 na inci, wato milimita 15.875, da milimita 16.

Injin da na gada daga maigidana a Kaduna ɗan Ingila ne, gwanjo, kuma a cikin majinginan da muke aiki da su babu biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya. Yaran shago sukan zagi ɗan kasuwar da ya sayar musu da abin da bai shiga ba. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba, domin rigimar ta girmi kakansa.

A da can matsalar ba ta ma taso ba. A dazuzzukan Chiltern na Ingila, masu sassaƙa ƙafafun kujeru don masana'antun garin High Wycombe suna aiki da injin katako zalla: igiya ta naɗe itacen, ƙafa tana taka feda, dogon reshe mai lanƙwasa yana mayar da igiyar sama. Majingininsu guntun katako ne; in ya lalace a sare wani. Mu kuma a nan masassaƙa da gizago suka fitar da turmi da akushi, ba su nemi injin kowa ba. Sai da ƙarfen zubi ya maye gurbin katako, aka fara sayen kayan gyara daga hannun wani, sannan awo ya zama abin faɗa.

Wajen shekarar 1800 Henry Maudslay ya ƙera a Landan injin da ke yanka haƙoran sukuru iri ɗaya, sau nawa aka so. Kafin haka kowane noti da nasa bol ɗin, har akan yi musu alama don kada su ɓace wa juna. Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a shagon Maudslay, shi ya kawo tsari a 1841: haƙori mai kusurwar digiri 55, da ƙayyadadden adadin haƙora a kowane inci gwargwadon kaurin bol. Kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila suka karɓa. A 1864 William Sellers na Philadelphia ya fito da nasa mai digiri 60, Amurka ta bi shi. Duka ƙasashen biyu da inci suke awo, amma bol ɗin rabin inci na Whitworth haƙora 12 gare shi a inci, na Amurka 13. Zai fara shiga kamar da gaske, ya yi juyi biyu, ya cije. A Yaƙin Duniya na Biyu wannan ya wahalar da ƙawayen matuƙa wajen gyaran kayan yaƙin juna, shi ya sa bayan yaƙin, a 1949, Amurka da Birtaniya da Kanada suka koma tsari guda. Shi kansa incin sai 1959 aka daidaita shi a kan milimita 25.4 cif. Nahiyar Turai kuwa tuni tana kan mita, mu ma a Najeriya muka koma mita a shekarun 1970, alhali shagunanmu cike suke da injunan Ingila masu inci.

Duk wannan sulhu bai kai kan injin katako ba, kuma a ganina da gangan ne. Dubi bakin sandar juyi, inda ake ɗaura mariƙin katako. Tsohon Myford ML8 na Nottingham inci ɗaya ne mai haƙora 12. Tsofaffin Record na Sheffield 3/4 na inci ne mai haƙora 16. Union Graduate, wanda ya cika makarantun Ingila, inci ɗaya da rabi ne mai haƙora 6. Amurkawa sun fi son inci ɗaya ko inci ɗaya da kwata mai haƙora 8, Turawan nahiya kuma M33 mai tazarar milimita 3.5. Babu wani dalilin ƙira da ya wajabta wannan rarrabuwa. Wanda ya sayi injinka dole ya dawo gare ka don faranti da mariƙi da majingini, to me zai sa ka haɗa kai da abokin gasa?

Abu ɗaya ne ya tsira, kuma ina jinjina wa mai shi. A 1864 Stephen Morse na New Bedford a Amurka ya tsara sanda mai tsukewa a hankali, kimanin 5/8 na inci a kowace ƙafa, wadda ke kama ramin da ya dace da ita ba tare da haƙori ko sukuru ba. A tura ta kama, a buga ta baya ta fito. Har yau tsinin da ke riƙe katako a kai da wutsiyar injin da awon Morse ake yin sa, lamba 1 ko lamba 2, ko daga Jamus injin ya zo ko daga Sin. Tsinin injin da ya shekara sittin yana shiga sabo dal.

Tunda masana'antu sun ƙi haɗa kai, sai masu injin ƙarfe suka zama alƙalai. A Panteka da ke Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ana yi maka bushin: ramin milimita 30, ƙafar inci ɗaya, sai a fitar da bututu mai kaurin bango milimita 2.3, a tsaga shi ta gefe don ya matse idan an ɗaure sukuru, a bar masa baki a sama kada ya zurma ƙasa. In bambancin ɗan kaɗan ne, ƙafar ake ragewa a kan inji, ba ramin ake faɗaɗawa ba. Ƙafa guntun rodi ce, ko ta lalace a yi waldar wata. Mariƙin majinginin kuwa ƙarfen zubi ne, in ya tsage an yi asarar abin da babu shi a kasuwa. Masu cusa yankan gwangwanin madara a ramin ba na musu cewa yakan riƙe na ɗan lokaci, amma ranar da kurfi ya kafe a kullin katako, majingini zai nutse, hannu ya bi shi.

Inda ba na yarda da dabara ko kaɗan shi ne bakin sandar juyi. Mariƙin katako na M33 yakan hau sanda mai inci ɗaya da kwata, domin kaurinta milimita 31.75 ne, har ya ɗan kama. Ƙarfe mai nauyin kilo biyu ko uku yana juyi sau dubu a minti a kan haƙorin da ba nasa ba, wannan ba tsimi ba ne. A sayi adafta, ko a sa a yanka wadda ta dace da haƙoran biyu.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin majingini ko mariƙi, auna ramin injinka da ma'aunin kauri mai baki biyu, ba da tef ba, ka ƙirga haƙoran da ke cikin inci ɗaya a bakin sandar, ka rubuta. In da hali, ka tafi kasuwa da tsohon a hannu.