James Pope: Attajirin da Bashi Ya Sa Ya Lashe Amansa

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A wannan ɗan rubutu za mu duba yadda bashi ya tanƙwara wani attajiri, ya haɗa da ƙasarsa.

An haifi James Colledge Pope a shekarar 1826 a ƙauyen Bedeque, cikin tsibirin Prince Edward da ke gabashin Kanada ta yau. A wancan zamani tsibirin yana ƙarƙashin Ingila, amma da majalisarsa. A 1849 Pope ya bi ayarin masu neman zinariya zuwa Kalifoniya. Da ya komo gida sai ya buɗe kanti a ɗan garin Summerside, ya kuma shiga ƙera jiragen ruwa. Arziki ya jawo masa jama'a, jama'a suka kai shi majalisa a 1857, ya zama Firimiya a 1865.

A lokacin ana ta muhawara kan haɗe yankunan Ingila na wannan nahiya su zama tarayya guda. Wansa William yana goyon baya, amma a 1866 Pope ya gabatar da ƙudurin cewa babu sharaɗin da zai sa tsibirin ya shiga. Aka kafa tarayyar Kanada a 1867 ba tare da su ba.

A 1871, bayan ya sake hawa mulki, ya kawo shirin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Da yake bisa yawan mil ake biyan 'yan kwangila, sai hanyar ta yi ta lanƙwasa kamar maciji, bashi ya fi ƙarfin baitulmali. A 1873 Pope da kansa ya tafi Ottawa neman daidaitawa. Kanada ta ɗauke bashin, ta kuma yi alkawarin dala 800,000 don a saye filaye daga iyayen ƙasa, waɗanda da damansu ke zaune a Ingila, manoma su mallaka. Ranar 1 ga Yuli, 1873 tsibirin ya zama lardin Kanada.

Pope ya riƙe ministan harkokin teku da kamun kifi daga 1878 zuwa 1882, ya rasu a Summerside a 1885. Abin lura a nan shi ne, 'yancin da ya yi shekaru yana karewa da baki, a littafin bashi ya salwanta, littafin da ya fi kowa sani tun yana mai kanti.