Volkswagen Kombi mai ɗakin kwana: Gyare-gyaren da mai ita zai iya yi da kansa

Volkswagen Kombi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, tana cikin motocin da aka fi mayarwa ɗakin kwana na tafi-da-gidanka. Kamfanin Westfalia ya yi suna wajen saka mata gado da kabad da murhu domin masu yawon buɗe ido a Turai da Amurka. A Najeriya kuwa an fi saninta a matsayin motar haya. An daina ƙera ta a Brazil a ƙarshen 2013.

Yawancin tsofaffin samfurinta suna da inji mai cc 1600 a baya, wanda iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Wannan ya sa gyaransa ke da sauƙi, amma zafi da gobara su ne manyan abokan gabansa.

Kula da inji

Ana sauya baƙin mai bayan kowace kilomita 5,000, domin injin ba shi da cikakkiyar matatar mai, sai 'yar rariya da ake wankewa. A lokacin ne kuma ake saita bawul a kan milimita 0.15, bayan injin ya huce sarai. Bawul ɗin da ya matse yakan ƙone, musamman na silinda ta uku wadda ta fi ɗaukar zafi.

Fambel shi ke juya fankar sanyaya injin. Idan jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, wajibi ne direba ya tsaya nan take, domin mai yiwuwa bel ɗin ne ya tsinke. Haka nan robar da ke kewaye da injin, idan ta yage, iska mai zafi daga ƙasa takan koma ciki.

Rigakafin gobara

Tiyon fetur yana ratsawa kusa da injin. Idan ya tsufa ya tsattsage, ɗigon mai kaɗan ya isa ya tayar da wuta. Sauya shi da ɗaure bakinsa da kilif aiki ne mai araha. Ya kamata abin kashe gobara ya kasance kusa da direba.

Ƙananan sauye-sauye

Masu irin wannan mota kan ƙara batir na biyu domin fitilu da firji, tare da na'urar da ke raba shi da batirin tayar da inji, don kada gari ya waye mota ta ƙi tashi. Kowace waya da aka ƙara tana buƙatar fis. Fitilun LED da farantin sola suna rage nauyin da ke kan batir.

Tsatsa takan fara ne daga ƙasan ƙofofi da gindin gilashi. Ƙarama ana kankare ta a shafa fenti, wadda ta ci shasi kuwa sai mai walda.

Aikin birki da sitiyari da haɗin gas na ƙwararru ne. Kunna murhu a rufaffiyar mota yana iya halaka mai barci, domin gubar da ke taruwa ba ta da wari.