Yadda Lissafi Ya Riga Ido Ganin Ƙwayar Omega

A ƙarshen shekarun 1950 masana ƙwayar zarra sun shiga ruɗu, domin injunansu suna ta fito da sababbin ƙwayoyi, amma ba wanda ya san dangantakarsu. A 1961 Murray Gell-Mann a Amurka da Yuval Ne'eman a Landan, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa ƙwayoyin nan gida-gida suke zaune, bisa tsarin wani rukunin lissafi mai suna SU(3). Lissafin kuwa daɗaɗɗe ne, gama Élie Cartan na Faransa ya kammala rarrabe irinsa tun 1894.

Akwai gida mai ɗaki goma wanda mazauna tara kaɗai aka sani. A taron Janiba na 1962 Gell-Mann ya siffanta ta goman, ya faɗi cajinta da nauyinta, ya raɗa mata suna Omega. Da an neme ta an rasa, da tsarin ya rushe. A farkon 1964 aka gano sawunta a Brookhaven, cikin hotuna wajen 100,000.

To, me ya sa gidajen suke takwas da goma? A 1964 Gell-Mann da George Zweig suka amsa cewa asalinsu ƙwayoyi uku ne, waɗanda ake kira kwak. In an haɗa kwak biyu, hanyoyi tara ke nan, kuma sun rabu kashi biyu: shida waɗanda ba sa sākewa in an musanya biyun, da uku waɗanda alamarsu ke juyawa. In an ƙara na uku, shidan su ba da 18, watau goma da takwas. Ukun su ba da tara, watau takwas da ɗaya. Jimla 27. Furoton da niyutiron suna gidan takwas, Omega tana na goma.

Amma da sauran rina a kaba. Omega kwak uku ce iri ɗaya a hali ɗaya, abin da ƙa'idar Pauli ta hana. Aikin Greenberg a 1964, da na Han da Nambu a 1965, shi ya kai ga gane cewa kowane kwak yana da wata siffa mai iri uku, wadda daga baya aka kira launi. Ashe matsalar da ta so kayar da ginin ita ce ta nuna ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin wuri guda.